Motar Gado Ba Ta Son Gaisuwa

Duk wanda ya zauna Tibiri a zamanin da gyaɗa ke tashe, 'yan shekaru bayan Nasara sun ce sun hana aikin tilas, ya san Gado Mai Mabuɗi. Wanda bai san fuskarsa ba ya san ƙirjinsa, don a nan yake rataye mabuɗin mangaza, wato gidan ajiyar kaya na wani kamfanin Faransawa mai sayen gyaɗa a Maraɗi. Mabuɗi ne ƙato, ya sa dukawa sun yi masa hamila ta jar fata har da tuntaye, kuma bisa riga yake sa shi, ba ƙarƙashi ba. Aikin nasa bai wuce ya buɗe ƙofa da safe ya rufe da marece ba, amma in ka ji shi yana bayani a majalisa sai ka rantse shi ke buɗe ƙasar Faransa kowace safiya.

"Ran da na yi zazzaɓi," in ji shi, "jirgin ruwa sai da yat tsaya bakin teku yana jirana."

Abu ɗaya ne ke ɓata wa Gado rai, shi ne yadda yake zuwa aikin. Kowace safiya kamiyon Dogo yake hawa, wata tsohuwar babbar mota mai bodin katako da ke jigila tsakanin Tibiri da Maraɗi. A ciki akwai mata masu daddawa, akwai mahauta da fatunsu, akwai awaki, akwai kuma Hamidu, maƙwabcinsa, wanda ke awon gyaɗa a mangazar. Gaskiyar magana, kamiyon nan bai taɓa makarar da shi ba ko sau ɗaya. Dogo mutum ne da ba ya tsayawa ko uwarsa ya gani a hanya. Amma Gado gani yake mutum mai mabuɗi bai kamata a loda shi tare da dabbobi ba.

Ranar da tura ta kai bango, yana cikin ba wasu 'yan ƙauye labarin yadda Nasara ke neman shawararsa, sai ya ji ana jan wuyansa. Ya duba, ashe wani bunsuru ne ya cinye tuntun hamilar sarai, ya soma kan igiyar.

"Bar shi, Gado," in ji Hamidu. "Shi ma shawara yake nema."

Mota ta kwashe da dariya. Gado ya miƙe tsaye, ya riƙe katako, ya ce kowa ya shaida, daga wannan wata ba za a ƙara ganinsa cikin akurkin nan ba. Motar kansa zai saya, irin ta kumandan, Nasaran da ke mulkin yankin, ya riƙa wuce su yana ba su ƙura.

Da yake girman kai rawanin tsiya ne, sai da ya cika alkawari. Ya sayar da dokinsa, ya sayar da bijimin noma, ya zube rabin rumbu, ya je Sabon Gari wurin wani Kwara, baƙon ɗan kasuwa daga kudu mai kantin yadi, wanda ke da wata baƙar mota a bayan kanti, kaji sun daɗe suna kwana cikinta. Kwaran nan bai ɓoye masa kome ba. Ya ce motar lafiyarta lau, hali ɗaya kawai gare ta: ba ta son tsayuwa. Da an taka birki ta tsaya, sai ta mutu, kuma ba ta tashi sai an tura.

"Ni ma ba ni son tsayuwa," in ji Gado. "Halinmu ɗaya."

Tuƙi kuwa ya ce ba sai an koya masa ba, shekara da shekaru yana kallon ƙeyar Dogo ta kafar katako. Ya kayar da dangar Kwara, ya kori wani mai tallan goro har cikin masallaci, kafin la'asar dai ya gane wanne ne birki.

Da ya iso Tibiri gari ya fito. Matarsa Ramatu ta leƙo daga zaure, ta zagaya motar, ta riƙe haɓa.

"Maigida, wanga abu mi yake ci?"

"Mai."

"In ya ci mi yake badawa? Bijimin dai taki yake ba mu."

"Girma yake badawa."

"To madalla. Allah shi sa girman shi tuƙu cikin tukunya."

Washegari samarin unguwa suka tura, mota ta yi tari, ta kama. Gado ya gyara zaman mabuɗi a ƙirji, ya nufi hanyar Maraɗi. Bai yi nisa ba sai ga Liman zaune kan buzu a ƙofar gidansa, yana jan carbi.

To, a nan ne lissafin Gado ya soma warwarewa. Mutumin da aka loda cikin kamiyo kaya ne, ba wanda ke jiran gaisuwa daga kaya. Amma wanda ke bisa abin hawansa, doki ne ko jaki ko keke, ba ya wuce babba yana zaune. Sai ya sauka, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Haka aka taso aka tarar, kuma ba wanda ya ce an cire mota daga ciki. Gado ya taka birki, mota ta mutu. Ya fito ya durƙusa.

Liman mutum ne mai cika gaisuwa. Ya tambayi kwana, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi sanyi, ya yi wa mota addu'a doguwa, sannan ya ce tun da Allah ya kawo sauƙi, ga ragonsa nan a kai wa ƙanensa Maraɗi. Aka sa rago a baya. Aka nemo masu turi. Masu turin suka ce ai su ma Maraɗi za su, suka faɗa ciki.

Gaba kaɗan sai Sarkin Fawa, da ɗanyun fatu. Gaba da shi sai Gwaggo Uwani, ƙanwar uban Gado, wadda ta goya shi yana jariri, da tukwanen daddawarta. Wa ya isa ya wuce Gwaggo Uwani? Kowace tsayuwa da mutuwarta, kowace mutuwa da masu turinta, kowane mai turi da wurin zamansa. Kafin su fita gari motar ta durƙusa kamar raƙumin da aka yi wa lodi, Gado na tuƙi da ƙahon rago a kunne.

Sai ga kamiyon Dogo ya zo ya gifta. Hamidu ya leƙo ta saman katako.

"Gado! An buɗe sabuwar tasha? Nawa anka yanka kuɗin mota?"

Gwaggo Uwani ce ta amsa, da ƙarfinta, duk duniya na ji: "Kyauta ta! Ɗan albarka na!"

Kafin azahar babu wanda bai ji ba a Tibiri cewa motar Gado kyauta ce.

Rana ta take sosai lokacin da suka isa mangaza. Lebura na zaune a inuwa, Hamidu na kwance kan ma'auni, Nasaran kamfanin kuwa, wanda mutane suka laƙaba wa Mai Agogo, yana tsaye bakin ƙofa. Ya ciro agogonsa daga aljihu, ya kara shi a hancin Gado, ya mayar.

Gado ya ce sammako ne maganin abin. Ya tashi tun duhu bai gama washewa ba, ya yi kiciɓis da jama'a duka suna fitowa daga sallar asuba. Ranar kam gaisuwa ya yi sahu sahu. Ya ce to, zai bi ta bayan gari, ta cikin gonaki. Can ya tarar da manoma suna cirar gyaɗa, kowa sa'an ubansa, kuma mai aiki ba a wuce shi ba a yi masa sannu ba. Ya dawo ya ce ai zamani ya zo da sauƙi, motar tana da wani ƙaho mai robar matsawa, da shi zai riƙa gaisuwa. Ya zo daidai ƙofar Liman, ya rage gudu, ya matsa. Abin ya yi wata irin ƙara. Da marece dattawa suka kira shi, suka tambaye shi laifin da Liman ya yi masa har zai yi masa kukan jaki a bainar jama'a. Ya ba da haƙuri, ya ƙara da alkawarin kai matan Liman biki Jiratawa ranar Lahadi.

Ran Asabar Mai Agogo ya kira shi. Hausarsa a karye take, amma ba ta da duhu.

"Litinin buɗe ciniki gyaɗa. Mutane yawa. Ni zo, ƙofa rufe, mabuɗi tafi wurin Hamidu. Kai tafi gida. Ka ji?"

Gado ya ji sarai. Mabuɗin nan shi ne sunansa, shi ne gaisuwar da ake yi masa a kasuwa, shi ne dalilin da ya sa ake matsa masa a tabarma. Ba doki, ba bijimi, in mabuɗi ya tafi me ya rage? Ramatu ta ce abin ai mai sauƙi ne, ya bar motar a gida ranar Litinin ya hau kamiyo kamar kowa.

"In koma cikin awaki? Bayan na rantse gaban Hamidu? Ke dai ba ki san manya ba."

Ya kwana yana tunani, da safe ya tashi da dabara. Ya lura da abu ɗaya: kumandan na wucewa ta Tibiri a motarsa, bai taɓa tsayawa ya gai da kowa ba, kuma ba wanda ya taɓa kai ƙararsa wurin dattawa. Ashe Nasara ba a binsa gaisuwa. To, me zai hana ya zama Nasara na safiya ɗaya? Bayan ya sauke matan Liman a Jiratawa, bai ko leƙa gidan surukinsa Baba Talle ba, ya biya Maraɗi wurin wani kuku abokinsa. Ya aro tsohuwar farar hular rana ta maigidan kukun, da baƙin tabarau, da wasu ƙatti ƙattin takalma, da gajeren wando na kaki.

Da Ramatu ta gan shi cikin shigar, sai da ta zauna a kan turmi.

"Maigida, gwiwoyinka waje hwa suke."

"Haka manya ka yi."

"To, tsagen huskarka hwa? Ina ka taɓa ganin Nasara da tsagen Gobirawa tun daga baki har kunne?"

"Gudu zai ruhe shi."

"Zanen aro dai ba ya ruhe katara."

Bai kula ta ba. Ya sa aka tura motar kan tudun bayan gidansa, aka tokare ƙafarta da dutse, don kada ya nemi taimakon kowa da safe.

Litinin ta yi. Ramatu ta zare dutse tana salati, mota ta gangara, ta yi tari, ta kama. Gado ya danne hula, ya taka mai. Ga Liman kan buzu, ya ɗaga hannu: fuu, an wuce. Ga Sarkin Fawa da fatunsa: fuu. Ga Gwaggo Uwani bakin hanya ta jera tukwane tana jiran ɗan albarka, ya bar ta tana kakkaɓe ƙasa daga daddawa. Ya fita gari, ya tarar da ayarin manoma da jakuna da raƙuma, kowa da buhunan gyaɗa za su buɗe ciniki, ya ratsa su yana matsa ƙaho, jakuna na watsewa cikin gonaki. Daɗi ya kama shi har ya soma waƙa. Ashe haka Nasara ke ji!

Sai ya hango wani tsoho tafe bisa jaki, ya nufo Tibiri, da ɗan buhu a gabansa. Tun daga nesa ya gane rawanin. Baba Talle ne, uban Ramatu, ya yi sammako daga Jiratawa zai kai wa 'yarsa sabuwar gyaɗa. Suruki! Mutumin da Gado bai taɓa haɗa ido da shi ba, wanda in ya hango shi a kasuwa sai ya tuɓe takalmi tun daga rumfar masu gishiri. Ƙafarsa ta tafi kan birki da kanta. Ya tuna agogon nan a hancinsa, ya janye ta, ya runtse ido ɗaya, ya matsa ƙaho. Jaki ya yi tsalle gefe, tsoho ya tafi cikin sabara, gyaɗa ta watse a hanya.

"Bai gane ni ba," in ji Gado a ransa. "Wallahi bai gane ni ba."

Tsakanin Tibiri da Maraɗi akwai wani kwari mai rairayi da ke gangarawa gulbi. Kullum a nan masu turinsa ke sauka su taimaka wa motar ta haye. Yau ba kowa a ciki sai shi da mabuɗi. Mota ta shiga rairayi, ta yi gurnani, ta tona rami da ƙafafun baya, ta mutu. Gado ya fito ya tura ta baya, ya tura ta gefe, ya roƙe ta, ya zage ta. Ko motsi.

Can sai ga ayarin manoman nan da ya watsa sun iso, wani Maliki a gabansu, wanda jakinsa ya yar da buhu ɗazu. Gado ya tare su da fara'a.

"Yauwa, 'yan'uwa! Ku kama mini kaɗan."

Maliki ya cire hula, ya ƙame, ya sara masa irin sarawar masu gadin kumandan.

"Ranka shi daɗe, Nasara. Ba mu jin Nasaranci."

"Wane Nasaranci? Hausa nike yi! Ni na, Gado!" Ya cire tabarau.

Maliki ya matso, ya duba tsagen fuskar da kyau, ya juya ga jama'a. "Kun ga ikon Allah, yanzu har tsage suke yi." Ya juyo. "A'a, ranka shi daɗe. Gadonmu na gaisuwa. Wanda yaw wuce mu ɗazu Nasara na."

"Don Allah, Maliki, rana na yi!"

"Mu ma ita muke gudu. Kuma ka sani an hana aikin tilas. Kumandan da bakinshi yaf faɗi."

Suka wuce ɗaya bayan ɗaya, kowa ya zo daidai shi sai ya cire hula ya sara. Har wata tsohuwa mai tallan kuka sai da ta sara.

Sai ga rurin kamiyon Dogo. Gado ya tsaya tsakiyar hanya yana ɗaga hannu biyu. Dogo ya leƙo ya daka masa tsawa, ya ce ya kauce, wanda ya tsaya cikin rairayin nan ya kwana. Kamiyo ya ratse ta gefe yana tafiya a hankali, yana nishi. Gado ya bi shi da gudu, takalman aro na cika da rairayi, hula na rufe masa ido. Ya manta da rantsuwa, ya manta da awaki, ya yi tsalle ya cafke katakon baya. Ya ɗaga kai zai haye, sai ya yi ido huɗu da Baba Talle. Ashe Dogo, wanda ba ya tsayawa don uwarsa, ya tsaya ya ɗauki tsohon, har da jakinsa. Ga ganyen sabara nan maƙale a rawaninsa. Tsoho ya dubi hular, ya sauke ido a hankali har kan gwiwoyin.

Kunya ta kashe wa Gado hannu. Ya saki katako, ya faɗi zaune.

"Gado!" Hamidu ne ke kira daga sama. "Jeho mabuɗin in buɗe maka, kar Mai Agogo shi tarar da ƙohwa ruhe!"

Gaba kura, baya sayaki. Kamiyo na ƙara nisa. Gado ya cire hamilar daga wuyansa, abin da bai taɓa yi ba ko wurin wanka, ya bi su da gudu, ya wurga. Hamidu ya cafe da hannu ɗaya.

Da ƙafa ya ƙarasa Maraɗi, takalma a hannu, hula a ka saboda rana. Azahar ta kusa lokacin da ya shigo filin mangaza. Wuri ya cika maƙil, manoman Tibiri da na Jiratawa da na ƙauyukan gulbi, raƙuma a durƙushe, ƙofa a buɗe, ciniki na ta tafiya. Hamidu na tsaye bakin ma'auni, jar hamila a ƙirjinsa, bisa riga. Mutanen Maliki suka hango Gado, suka miƙe gaba ɗaya suka sara.

Mai Agogo ya fito ya ga abin da ake wa dariya. Ya dubi Gado sama da ƙasa. Ya zagaya shi. Gado ya yi ƙarfin hali ya ce ai ƙofa ta buɗu kan lokaci, shi ya aiko da mabuɗi, dabararsa ce.

"Gaskiya," in ji Nasara. "Mabuɗi zo da wuri. Mabuɗi ba kai, zo da wuri. Mabuɗi da kai, makara. To, mabuɗi zauna haka."

Ya koma ciki abinsa. Hamidu ya shafa hamila, ya ce Gado kada ya damu, in yana son ganin mabuɗin kowace safiya yana cikin kamiyon Dogo.

Gado ya juya zai sulale, sai jama'a suka dare, suka buɗe masa hanya. A ƙarshen hanyar Baba Talle ne zaune kan buhun gyaɗa, jakinsa a gefe, ya ɗora hannu biyu kan sanda yana jira. Babu wurin gudu. Gado ya ajiye takalma, ya cire hular Nasara, ya ja gajeren wando ƙasa iya inda zai ja, ya durƙusa cikin rana. Har Hamidu sai da ya dakatar da awo.

Tsoho bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba. Gaisuwar da aka hana shi da safe ya zo karɓa, kuma daga farkonta ya ɗauko, ko da yake rana na tsaka.

"Ina kwana, Gado?"

"Lahiya lau, Baba."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ina iyali?"

"Lahiya lau suke."

"Madalla. Ina abin hawa?"

"Yana... yana nan, Baba."

Tsoho ya gyaɗa kai. Ya cire ganyen sabara ɗaya daga rawaninsa, ya dube shi, ya yar. Ya dubi ƙirjin Gado, inda rana ta ƙone riga ta bar farin sawun hamila.

"To, ina aiki?"

Gaisuwa ba a canza mata amsa. Gado ya sunkuyar da kai, duk Maraɗi na saurare.

"Aiki da godiya, Baba."